Mazurarin da Kawu Ya Bar Mini

Assalamu alaikum, Edita. Ni mutumin Jibiya ne, kuma a shekarun da zan ba da labarinsu ina cikin ganiyar ƙuruciya da jin kai. Ina fataucin hatsi tsakanin kasuwarmu da Maraɗi, Allah ya buɗa mini, kaina ya fara rawa. Babur kuwa na san shi, wannan ko yau ba na jin kunyar faɗa, domin a garejin kawuna, ƙanin mahaifiyata, na tashi a Magama bayan rasuwar mahaifinmu. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye gaba da Ɗan Isa, bakanike irin na da, wanda daga jin kukan inji zai gaya maka ciwonsa kafin ya taɓa sifana. Da tsufa ya kama shi sai ya rufe garejin ya koma ƙauyensu, amma duk ranar kasuwa yakan tsallako mu gaisa.

Burina a lokacin shi ne babban babur irin mai dogon kai da faffaɗar kujera, wanda ake zama a kansa kamar an kishingiɗa. Wani dillali ya shigo da guda biyu 'yan kwatano, kamfani ɗaya, siffa ɗaya, bambancinsu shekarar ƙira. Tsohon mai kafireta ne, fentinsa ya ɗan kwanta. Wanda ya biyo bayansa da 'yan shekaru kuwa injekta ne, da famfon mai a cikin tanki, da ƙaramar na'ura mai sarrafa komai, yana ta ƙyalli. Na ɗauko kawu don ya taya ni dubawa, alhali a raina na riga na gama zaɓe, yabo kawai nake so. Ya sa aka tayar da kowanne, ya rufe ido ya saurara, sannan ya ce in ɗauki tsohon. Ya ce sabon ba shi da aibu, amma an ƙera shi ne don ƙasar da ake shan mai mai tsabta. Mu kuwa a lokacin an hana gidajen mai na kusa da iyaka sayar da fetur, kowa a hannun 'yan bumburutu yake saye, a kwalba da galan, wani da ruwa, wani da yashi. Ya ce kafireta idan ta sha datti kowane bakanike na bakin hanya zai wanke ta ka wuce, amma wancan idan ya yi fushi sai an kai shi Kano an jona masa kwamfuta.

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. A gaban dillali da 'yan kallo na yi dariya, na ce wa kawu zamani ya wuce shi, shi da kafiretar tasa duk sun tsufa. Bai yi fushi a fili ba. Ya kalle ni, ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai, ya yi mini fatan alheri, ya gyara hularsa ya tafi. Daga ranar bai sake tsallakowa kasuwa ba. Ni kuma girman kai ya hana ni bin sa. Sabon na saya, wata huɗu ina yawo a kansa, ana ɗaga mini hannu daga tasha har bakin duwan, wato shingen kwastan, kullum ina cewa gobe zan je in ba shi haƙuri. Kuma in faɗi gaskiya, babur ɗin ya yi daɗi, bai taɓa ba ni matsala ba a watannin nan, abin da ya ƙara kumbura mini kai ke nan.

Wata safiyar Talata matar kawu ta kira ni a waya, ta ce jikinsa ya yi tsanani, kuma ni yake ta nema. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Na tsaya a Magama aka juye mini kwalba huɗu, cikin sauri ban ko ɗaga su na duba ba, na tsallaka iyaka. Na wuce Ɗan Isa da kaɗan sai babur ya fara shaƙewa, ya yi tari biyu ya mutu. Na tura shi zuwa wata rumfar bakanike, mutumin ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce esansin, wato fetur ɗin, shi ya toshe shi, kuma da mai kafireta ne da kafin in gama shan ruwa ya sallame ni, amma wannan ba zai taɓa ba. Kada kowa ya ɗora wa babur laifin abin da ya biyo baya, laifina ne. Motoci na wucewa, 'yan kabu-kabu na tambaya ko za ni, amma na kasa barin abin alfaharina a hannun wanda ban sani ba. Na kwance tanki da kaina, na zubar da man, na sa wani, na yi ta fama har rana ta take, ina gaya wa kaina ai kawu mai ƙarfi ne, zai jira ni. Sai da aka kira azahar na haƙura, na bar shi a rumfar na hau kabu-kabu.

A bakin ƙauyen na ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, da makara ba kowa a kai. Kawu suka binne, na bi su zuwa gidansa. Bayan an yi addu'a matar kawu ta kira ni ciki. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun safe duk ƙarar babur da ya ji sai ya ɗaga kai ya saurara, ya ce ba nawa ba ne, shi ya san muryar nawa. Sannan ta miƙo mini wani mazurari na gwangwani, an ɗinke masa rariya mai laushi da ƙyalle ninki biyu a ciki. Ta ce tun makon da na sayi babur ɗin ya zauna ya haɗa shi, ya ce tunda na ƙi jin magana, to in riƙa tace mai kafin in zuba. Ya ajiye shi yana jiran ranar da zan zo. Na riƙe shi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka guda biyu ne, kuma da tabbaci nake faɗar su. Idan za ka sayi babur na hannu aka ajiye maka tsohon ƙira da sabo, kada ka tambayi wanne ya fi kusa da bana. Ka tambayi kanka wane mai za ka zuba masa, wa zai gyara maka shi a hanyar da kake bi, kuma ina kayansa suke. Na biyu ya fi na farko nauyi: idan ka ɓata wa babba rai, ka je yau, ko a ƙafa ne. Babur ɗin na gyara shi na sayar, yanzu mai kafireta nake hawa, ba ya ma bukatar wata tacewa ta musamman. Duk da haka ban taɓa zuba masa mai ba sai ta cikin mazurarin nan. Masu sayar da mai na yi mini dariya suna cewa na cika tsirfa, ni kuwa ina riƙe da shi ina nema wa kawu gafara har kwalbar ta ƙare.