Murfin Kwanon da Ya Mayar da Ni Sahu

Ko me zan manta a rayuwata, ban da shekarar da aka yanke mini hanji, da faman da na sha da teɓata bayan nan.

Kayan yaji nake sayarwa a Kasuwar Kurmi, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da cikina. Wata rana ciwon ciki ya kayar da ni a rumfa, aka kwashe ni sai asibiti. Likitoci suka yanke inda hanjin ya lalace, suka fito da bakinsa ta gefen cikina, suka manna mini 'yar jaka da bayan gida ke zuba a ciki. Suka ce na ɗan lokaci ne, in na murmure za a sake aiki a mayar da shi.

Jakar nan ta raba ni da sahu. Malamai sun ce sallata ta yi, amma kullum gani nake wari zai fita, ko ta ɓalle ina tsakiyar sujada. Na koma salla a ɗaki, in ji an tayar da iƙama a masallacin unguwarmu hawaye su zubo mini. Ban da iyalina, babu wanda na bari ya san ina ɗauke da ita.

Wata huɗu ina zaune, 'yan dubiya na ta sauke farfesu da fura da soyayyen nama, ni kuma ina ta girmama baƙi. Da na koma asibiti, likita ya dubi cikina ya ce, "Alhaji, da wannan kitsen ba zan sa maka wuƙa ba, ɗinkin ba zai kama ba. Ka sauke kilo goma sha biyu tukuna."

Ya tura ni wurin wata malama mai tsara wa marasa lafiya abinci. Na ce mata ai abu ne mai sauƙi, zan daina ci gaba ɗaya. Ta yi dariya ta ce, "Yunwa ba ta warkar da ciwo, Baba." Muka zauna muka tsara a takarda: kifi, ƙwai, kaza ba fata, tuwo kamar dunƙulen hannuna, miya ba mai da yawa, ganye sai ya dahu luguf, lemon kwalba kuwa sai dai in gan shi a hannun wani. In ci kaɗan-kaɗan, in tauna sosai, in yawaita shan ruwa.

A gida maiɗakina ta riƙe takardar nan gam. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofar gida. A layinmu na Yakasai, bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa, mu haɗu a tabarma ɗaya mu ci. Gida bakwai ne, kuma in ka tsallake kwano ɗaya ka yi laifi. Dattijon layin, wani tsohon baduku, shi ne mai tura kwano. "Ba ka taɓa na gidana ba. Ko kun yi faɗa da Hajiya ne?" Sai in sa hannu. Gaskiya ba kunya kaɗai ba ce, har da kwaɗayi, don funkason gidansa ba a magana.

Bayan wata ɗaya na hau sikeli, sai ga kilo biyu sun ƙaru. A hanyar dawowa maiɗakina ta ce, "Ko ka gaya musu yau, ko gobe ni in zaga in gaya wa matansu."

Ranar, da aka jera kwanuka, na ƙi wanke hannu. Na ce, "Jama'a, akwai abin da na ɓoye muku." Na faɗi komai, har jakar da dalilin da ya sa ba sa ganina a masallaci. Idona a ƙasa na gama maganar. Sai dattijon ya ce, "Ashe mu ne muke tare maka hanyar masallaci da tuwo, ka yi shiru?" Ya ɗauki murfin kwanonsa ya dire a gabana. "Daga yau nan ne akushinka. Ni zan zuba maka, kuma in na ga hannunka a babban kwano, sandata na kusa."

Labari ya shiga gidaje. Washegari sai ga kwanon wani gida da gasasshen kifi a gefe, an ce na mai jinya ne. Matan suka karɓi takardar daga hannun maiɗakina suka raba kwanakin dafa mini abinci a tsakaninsu. Da safe kuma dattijon ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, mu taka har Ƙofar Ɗan Agundi mu dawo, yana tsokanata wai tafiyata ta agwagwa ce. Sau biyu na yi satar funkaso, sau biyun duka ya kama ni.

Wata na shida na hau sikeli, malamar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, je ka gaya wa likita ya wasa wuƙarsa." Aka yi aikin, ɗinki ya kama, aka raba ni da jakar. Juma'ar farko da na iya fita, mutanen layinmu suka sa ni a tsakiya har cikin sahun gaba. Da na kai goshina ƙasa, hannuwana biyu a kan darduma, babu wanda ke dafe da ciki, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da za a shiga da ni tiyata.

Abin da na koya shi ne, tsarin abinci a takarda ake rubuta shi, amma da mutane ake cin sa. Mutanen da na ji kunyar su san lalurata, su ne suka fitar da ni daga cikinta, kuma da na yi magana tun farko da ban yi asarar sallar jam'i ta wata guda a banza ba.