Yayen da Na Kai Ajingi

Ana sallame asuba muka tashi daga Kano, ni da abokiyar aikina. Gyaran keken ɗinki nake koyarwa a wata kwalejin koyon sana'a. Bara muka ɗauki darussan a bidiyo da Hausa, muka sake su kyauta, kowa ya kwafa ya tura wa wanda ya so. Mun fita ne mu ga ko sun isa ƙauye.

A Wudil muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame kamar ya yi jinya, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Daga Gaya muka hau adaidaita sahu tare da buhunan gyaɗa, waɗanda suka fi mu samun wurin zama. Kaka ce, hagu da dama an tuge gyaɗa an shanya.

A Ajingi aka tara mana mata a wani tsakar gida. Ina yin sallama, wata mata da ta ɗan girme ni ta dafe ƙirji. Muryata ta gane. Ashe maƙwabciyarta ta tura mata darussan a waya, ta bi su har ta tayar da kekenta da ya daɗe a mace. Daga nan ta naɗe sukudirebarta a tsumma ta ajiye. Mata na kawo gyara tana mayar da su, ga yara, ga tsadar abinci.

Na ce, "Yaya, me ya hana ki?"

"Malama, ban durƙusa gabanki ba, ba ki yaye ni ba. Sana'ar da aka ɗauka a bayan idon mai ita ba ta albarka. Ba zan ciyar da 'ya'yana da ita ba."

Na yi ta bayanin kyauta ce, kamar rijiyar bakin hanya. Ta saurara da ladabi, amma ko gezau. Sai na kama hannunta na ce na yafe duniya da lahira, na yaye ta. Matan suka ɗauki amin. Ta tashi ta ɗauko tsumman nan ta kwance. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da magariba muka iso gida, da ƙuli-ƙulin da ta tilasta mini. Na koyi cewa a wurinmu kyauta ba ta cika sai mai abu ya furta da bakinsa. Washegari na sake ɗaukar farkon kowane darasi. Yanzu kafin a ga keke, muryata ake fara ji: "Duk wadda wannan ya iso hannunta, na yaye ki. Allah ya sa albarka."