Garin Kunun Tani a Gwangwanin Madara

Shekara goma sha tara Tani tana girki a gidan Alhaji Baffa da ke Nassarawa GRA. 'Yar Ringim ce, mijinta ya rasu, ba ta yi boko ba. Ranar Lahadi, in ta tafi hutu ɗakinta na Giginyu, takan kai gero niƙa da kayan ƙamshi, ta haɗa garin kunun masu jego. Ta waya take ciniki: hoto ɗaya, saƙon murya, shi ke nan. Wannan ta gaya wa waccan, har sunanta ya kai Maraɗi.

To wace mace ce a Kano take yar da gwangwanin madara? Gidan Alhaji kuwa ga su nan jibge. Tani ta wanke, ta shanya, ta cika da gari.

Bara wata Maryam Nana ta Maraɗi ta sayi gwangwani talatin. Tani ta ba Malam Tanko direba ya kai mata. Kwana uku shiru, wayarsa ba ta shiga. A na huɗu Maryam Nana ta sa hoton Tani a zauren WhatsApp inda duk masu sayen garin suke, ta ce a yi hattara, 'yar damfara ce.

Tani na yanka albasa ta ji saƙon. Sunan da ta yi shekaru tana tattali, ga shi ana wasa da shi a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Wa za ta kai wa ƙara, hukumar nan ko ta can? Abin haushin ke nan. An ƙyale mata su yi ta saye da sayarwa ta waya tsakanin ƙasa biyu, amma babu wanda ya taɓa zaunar da irin su Tani ya ce ga ƙa'ida. Sai ranar kamu ake jin doka!

Da azahar Tanko ya kira da wayar aro, kiran bidiyo. Ashe a kan iyaka aka tsare kayan. Wani jami'i ya ga tambarin madara, ya buɗe ya ga gari ruwan toka, ya ce jabu ce.

"Yaya Tani, ga oga, yi masa bayani."

"Ranka ya daɗe, madara ce take ƙamshin citta da kanumfari? Matarka ba ta taɓa haihuwa ba?"

"Baba, ni abin da aka rubuta nake bi," in ji jami'in.

"To a tafasa ruwa."

Aka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, Tani tana ba da umarni daga kicin. "Kai Tanko, da ruwan sanyi ake fara damawa! Za ka yi mini gudaji a gaban hukuma?"

Jami'in ya kurɓa, ya ƙara, sannan ya ce:

"A liƙa takarda a rufe tambarin nan, a rubuta abin da ke ciki da sunanki da lambarki, da Hausa da Faransanci. Kada ki kuma."

Kafin magariba kaya sun isa. Maryam Nana ta koma zauren ta nemi gafara da bakinta, ta sa hoton gwangwanayen. Tani ta saurara har sau uku, sannan ta zauna a kan buhun shinkafa.

Matar gidan ta leƙo. "Tani, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Amma yau sai dai a ci taliya, hannuna ba zai iya tuƙa tuwo ba."