Malmalar Mutanen Gabas

A gidanmu ba a kwashe tuwon dare sai an ware malmala ɗaya, an rufe da faifai. Ta mutanen gabas ce. Da safe mu yara mu cinye ɗumamenta.

Inna ce ta ba ni asalin abin. Shekarar da Nasara suka ci ƙasa, wan babanta ya ce shi ba zai zauna ƙarƙashin mai jan kunne ba. Ya ɗaure tabarma ya bi ayarin da ya nufi Makka a ƙafa. Babanta yana yaro, aka bar shi da tsofaffi. Ranar da aka ce an samu 'yancin kai, yana tsoho, ya share ɗaki ya fita bakin hanya ya zauna, wai tunda Turawa sun tafi, Yaya zai dawo. Babu wanda ya zo sai mai tallan kananzir.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Aikin gadi ya kawo ni Doha. Lokacin korona aka tsayar da ni ƙofar wani asibiti a Al-Sadd, ina auna zafin goshin mutane da na'ura mai kama da bindiga, ƙafafuna na kumbura. Wata rana wani dattijo direban bas ya matso, na ce masa yalla, wato ya yi sauri, ya ce, "Sannu dai, ɗan samari, kada ka harbe ni."

Hausa ce, amma irin wadda na bari a bakin kakanni. Ɗan Sudan ne. Kakansa ya fito daga ƙasarmu, guzuri ya ƙare a bakin Nilu, ya yi gona. Ashe ma layinmu ɗaya a unguwar Mu'aither.

Muka saba, wato muka fara faɗa. Ya ce kakanninmu matsorata ne, sun zauna suna yi wa Bature dakon akwati. Na ce nasu sun fi kowa sauri, sun guje wa Bature, sun isa Sudan sun tarar da shi ya riga su har ya sha shayi.

Kuskurena shi ne da na ba Inna labari a waya. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ta ce sai ta gan shi. Na yi ta ja mata rai har lokacin gasar ƙwallon duniya, sannan na kama shi tsakanin jigilar 'yan kallo, na haɗa su a bidiyo.

"Matso da fuskar," in ji ta. "Ina tsagarka?"

"Hajiya, babu. Tun kan babana aka daina."

"Wane gari kakanka ya baro?"

"Wallahi ban sani ba. Ya dai ce akwai kuka a bakin rijiya."

Na ce, "Inna, khalas, ya isa haka. Wane gari ne babu kuka da rijiya?"

"Rufe mini baki. Ku can kuna ajiye wa na gida tuwo?"

Ya sosa ƙeya. "A'a, Hajiya. Mu cinyewa muke yi."

"Halinsu ne," in ji Inna. "Babana ya ce Yaya bai taɓa rage loma ba. Kai kuma," ta ce da ni, "ka tuƙa tuwo ka ba shi rabonsu. Na gaji da rufe faifai."

Ranar Juma'a na sayo garin semo a Bin Omran, na tuƙa a tukunyar ɗakinmu, na kaɗa miyar kukar da nake ɓoyo. Na ware malmala ɗaya na kai masa. Ya wanke hannu, ya ci, ya suɗe kwano. Sannan ya ce gishiri ya yi yawa, kuma an makara.

Na san ba lallai jininmu ba ne. Shi ma ya sani. Amma tun ranar Inna ba ta sake ware malmala ba, kuma ƙanwata ta ce tsohuwar tana barci sosai. 'Ya'yana ne kawai suka kira ni da ƙorafi, wai na ba wani ɗan Sudan karin kumallonsu.