Malam Ubaidullahi da Karnukan Kufai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Ubaidullahi Shitu, tsohon malamin kimiyyar halittu, a gidansa da ke Unguwar Talha ta ƙasar Kafur. Ni Naja'atu, ɗalibarsa kuma maƙwabciyarsa, ni ce nake wannan rubutu.

Malam, a ajinka na fara jin kalmar Latin, harshen da masana ke raɗa wa halittu suna da shi. Ka rubuta ferus a allo, ka ce ma'anarta abin dawa, wanda bai san hannun mutum ba. Muka yi ta dariya, har muka laƙaba maka Malam Feras, kai da ko tsawa ba ka iya ba. Kai ne ka je wurin mahaifina har gona, ka zauna a kan kunya, ba ka tashi ba sai da ya yarda in ci gaba da karatu.

A darasin nan ka ce dabbar gida da ta koma daji ta fi zaki haɗari, domin ta san mutum, ba ta gudunsa. Bana muka gani da idonmu. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyukan yamma da mu, mutane suka tsere suka bar karnukansu a kufai. Yunwa ta haɗa su garke, suka fara da awaki. Ka bi gida-gida kana roƙon kada a aiki yaro gona shi kaɗai.

Ranar da abin ya faru, Tasalla mai ƙosai tana roron wake, 'yarta Najiba na wasa a gindin kuka. Kare ɗaya ya fito daga cikin dawa yana dalalar da yawu, ya cafke ƙafar yarinyar. Kana wucewa a kan keke, ko sanda ba ka da ita. Da hannu ka shaƙe shi. Kafin ƙanenka Mati ya iso ya kashe shi da fartanya, ya yage maka wuya da kunci.

A ƙaramin asibitin da aka kai ku, allurar rigakafin ciwon haukan kare ta mutum ɗaya ce ta rage. Ka ce a yi wa yarinya, kai za ka nema. Da aka samu taka a Funtuwa, kwanaki sun riga sun ja. Raunin ya warke, muka ce an tsira.

Sai wata safiya matarka Hajiya Uwa ta miƙo maka ruwa, maƙogwaronka ya ƙulle, ka ture kofin kana makyarkyata. Ka san abin da ke nan. Da hankalinka ya ɗan dawo ka dube ta ka ce, “Uwa, ku fitar da yara, ku ɗaure ni a gado. Duk abin da zan faɗa daga yau kada ku riƙe, ba ni ba ne.” Mati ne ya ɗaure ka yana kuka. Ta katanga muna jin muryarka, kuma a duk lokacin da ciwon ya lafa, kalmar shahada muke ji.

Yanzu wake na fashewa a gona ba mai roro. Garken yana nan bayan gari. Likita ya ce Najiba ta tsira, amma duk sa'ad da ta ɗauki moɗa, Tasalla sai ta ajiye abin da take yi, ta zuba wa wuyanta ido har ta haɗiye.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ubaidullahi. Ka sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, ƙishirwar da ya tafi da ita ta yanke har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Uwa, da Mati, da 'ya'yansa Awaisu da Mansura. Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma da muka rage a bakin dajin nan, Allah ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.