Iyakar Ƙwayoyin Ruwa

Akwai wani hantsi a gidanmu na Isa da ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Bayan sadakar bakwai ɗin matata ne. Na yanke cewa ranar za a kwashe jerenta a kai wa yayarta a Tozai, in sa wa ɗakin kwaɗo. A ganina, in ido bai ga kayan ba zuciya za ta huta.

Babbar ɗiyarmu, mai karatun kimiyya a Sakkwato, ta roƙe ni in bari, na ƙi. Na iske ta zaune ƙofar ɗakin da kwamfuta bisa cinya, wasu ɗige-ɗige na yawo a ciki.

"Uwarki ta rasu, ke kina kallon ƙwari?"

"Ba ƙwari ba ne, Baba. Ƙwayoyin ruwa ne da ido ba ya gani. Kowace na jan 'yar'uwarta."

Ta ce kwamfuta ba ta iya lissafa jan kowa da kowa, shi ya sa ake yanka iyaka. Wadda ta wuce nan sai a daina kula ta.

"Kamar yadda Turawa sunka yi muna da Maraɗi ke nan," na ce. Kakana da ƙanwarsa sun kwana 'yan ƙasa ɗaya, suka wayi gari ita ta Faransa, shi na Ingila.

Ta yi murmushi, na farko tun rasuwar. "To, yankan kwatsam ɗin ne ya ɓata mini aiki. Ƙwaya na da sauran ja anka datse ta, duk wadda ta ƙetara sai lissafin ya yi tsalle. Yanzu na sauke ma'aunin jan gaba ɗaya, yadda in ta kai iyaka sifili za ta iske, ta fita lafiya."

Ta nuna mini layin lissafin da ke tsalle a da. Ya kwanta sumul.

Mai amalanken da na kira don kwasar kayan ya yi sallama daga zaure. "Alhaji, a fara ɗauka?"

Na daɗe ina duban kwanukan. "Tafi abinka, za ni neme ka."

Ban neme shi ba. Kayan sun fita daga baya, yau tukunya ga yayarta, wani watan zane ga maƙwabciya, kowanne da addu'a. Ɗiyata ta ci gaba da kwana ɗakin duk hutu har ta gama karatu.

Ban fahimci lissafinta ba har yau. Abin da na koya shi ne, rabuwa dole ce, amma wanda ke da sauran ja a zuciyarka ba a datse shi rana ɗaya.