Sun wanke tsakuwar Malam Sada da sabulu

Da safen nan labarin ya iske ni, kuma ba kirana aka yi ba.

Ina tsaye a kicin ina dama koko na duba waya, sai ga hoton Malam Sada a status ɗin wata tsohuwar 'yar ajinmu, an rubuta addu'a a ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya bayan la'asar ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallacin unguwarsu a Ƙofar Durbi, kafin magariba har an kai shi makwancinsa.

Daga gidana a Kambarawa zuwa nasa tafiyar napep ɗaya ce, amma babu wanda ya tuna da ni. Wannan na haɗiye shi, na san mutuwa tana ruɗa mutane. Abin da na tarar a gidan ne na kasa haɗiyewa, shi ya sa nake wannan rubutun.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sada shi ya koya mana aikin gona a sakandare. Ni ce ɗalibar da wakenta ya ruɓe a gwangwani saboda ina ba shi ruwa sau biyar a rana. Na tsaya ina jiran bulala, sai ya ciro wani irin daga aljihu ya ce, "Rabi, kin shaƙe shi da ruwa. Ungo, sake." Tun ranar ban rabu da shi ba. Da na yi aure shi ya kawo mani dashen lemun tsami a bayan mashin ɗinsa, yana nan a tsakar gidana har yau.

Matarsa Inna Indo ɗiyar masu lambu ce, cikin latas da albasa ta girma. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ba ta tafiya sai a keke, magana kuma sai ta yi da ƙyar take fita. Watannin farko ta daina cin abinci sosai, wuni take yi tana kallon bango.

Don ita Malam ya shigo da lambu cikin ɗaki.

Ya kwashe kayan ɗakin da ke jikin nata, ya cire kwano biyu a rufin ya sa na roba mai shigo da haske. Ya ajiye tankin ruwa a ƙasa ya zuba karfasa. A sama ya jera durom ɗin roba da ya raba biyu, ya cika su da tsakuwa, daidai tsayin da mai zaune a keke zai kai hannu. Wani ɗan inji da bai fi dunƙulen hannu ba yake tura ruwan kifin sama, ruwan ya bi cikin tsakuwa, saiwar ganye ta tsotse kashin kifin a matsayin taki, ruwan ya tace ya gangaro ta bututu ya koma wa kifin. Babu ƙasa, babu takin kanti. Masu boko suna ce masa akwafoniks, shi kuma lambun Indo yake cewa.

Ban manta abin da aka riƙa faɗa a lokacin ba. Wai fansho ta taɓa masa kai. Wai tsoho da furfura ya koma wasan ruwa. Sau biyu kifinsa suna mutuwa gaba ɗaya kafin ya gane kan abin, kuma duk lokacin sai an samu mai leƙowa ya tambaye shi ko yau ma akwai farfesu. Yau na ga wasu daga cikin masu wannan dariyar sun sa hotonsa suna kiransa gwarzo mai hangen nesa. Na ga sunayenku, kuma kun san na san ku.

Abu ɗaya ya fi nanata mana, mu 'yan kaɗan da muka tsaya muka koya. Wannan yauƙin mai ruwan ƙasa da ke manne jikin tsakuwa ba datti ba ne. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, su ke mayar da kashin kifi abincin shuka. In babu su, ruwan guba yake zama. Sati shida ake yi ana lallaɓa ruwa kafin su kama, shi yake kira ruwa ya nuna. Ko ruwan famfo ba ya zubawa kai tsaye, sai ya kwana biyu a buɗe maganin da ke ciki ya fita. Sabulu kuwa, ko hannu ka wanke da shi sai ka ɗauraye sau uku kafin ya bar ka ka taɓa tankin.

Ya yi aiki. Na ga Inna Indo da idona tana tsinke alayyahu da hannun hagu tana yi masa faɗa wai ya shuka na'ana'a kusa da latas, za ta cinye wurin. Matar da ta yi wata da watanni ba ta haɗa kalma uku ba.

Da na ce ina son nawa, shi ya zo ya haɗa mani ɗan ƙarami a barandata. Ya ɗebo mani bokiti guda na tsakuwarsa mai yauƙi don kar in yi jiran sati shida, ya hau benenmu da shi yana haki, ya ƙi bari in karɓa.

Alhamis ɗin da ta wuce na je gaishe su. Na same shi zaune a kujerar tsugunno yana goge bakin bututu da tsohon buroshin haƙori, Inna tana gefe tana watsa wa kifi abinci ƙwaya-ƙwaya. Na tsokane shi na ce, Malam, kifin nan sun isa ci fa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗiyata, ni ba kihi nike kiwo ba. Dubi hannun can, da ba ya ko ɗaga cokali. Shi nike kiwo."

Da zan tafi ya rako ni zaure ya ce in na samu sarari in riƙa leƙo injin, don idonsa ya fara rauni. Na ce to, sai wani satin. Ban koma ba sai yau.

Na isa wajen ƙarfe goma. Maza cike da ƙofar gida a kan tabarmi, mata cike da tsakar gida. Na yi gaisuwa, na shiga wajen Inna na riƙe hannunta. Ina zaune sai na lura ban ji ƙarar ruwa ba. A gidan nan kullum kana jin ruwa yana zuba ta bango.

Na tashi na leƙa ɗakin.

Soket ɗin injin yana kan sola, shi kaɗai ke da wuta a gidan tun jiya. An zare injin an jona wata doguwar waya mai baki shida, wayoyin masu zaman makoki jere a kai suna caji. Durom uku babu ko ganye ɗaya, an tuge alayyahun da latas ɗin har saiwa an kai madafa za a yi miyar baƙi. Tsakuwar kuwa fes, tana ƙyalli, tana ƙamshin garin sabulu. A wurin aka wanke ta, cikin durom ɗin, ruwan wankin ya bi bututu ya sauka inda aka gina shi ya sauka. Kumfa ta rufe saman tankin. Karfasa sun juyo da fararen cikinsu sama.

Ban san lokacin da na fizge wayar cajin daga bango ba.

Gwaggo Hajara, ƙanwar Malam, ita ke juya gidan tun jiya. Ta shigo tana gyara mayafi ta ce, "Ke lahiya? Wayoyin mutane ne hwa."

Na ce, "Gwaggo, wa ya wanke tsakuwar nan?"

Ta ce, "Ni na sa. Gida cike da baƙi, ɗaki na ƙarni, duwatsu duk yauƙi. So kike a tahi da mu a baki a ce matarshi na kwance an bar gida da ƙazanta? In an yi sadakar ukku ma masu sayen tsohuwar roba za su zo su kwashe tarkacen ga, a samu wurin shimfiɗa."

Na san ba mugunta ta yi ba. Haka muke yi, in an yi rasuwa sai a share gida a wanke komai kafin masu gaisuwa su cika, kuma ita a ganinta rufa wa ɗan'uwanta asiri ta yi. Sanin hakan bai rage mani komai ba. Shekara uku tana shiga gidan nan. Sau nawa ta ci latas ɗin ɗakin nan, sau nawa aka ƙulla mata a leda ta tafi da shi? Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi yadda yake fitowa ba, don tun farko ta yanke cewa shirme ne. Kuma matar da ta san komai a kan ɗakin tana kwance taku biyar daga wurin, babu wanda ya ga ta isa a tambaye ta, tunda bakinta ba ya sauri.

Na faɗa mata maganganu a gaban mutane, a gidan mutuwa, ga babbar mace sa'ar uwata. Ba zan maimaita su a nan ba. Wasu na yi nadamarsu, wasu kuwa ko gobe zan sake.

Na tuɓe mayafi na ɗaura a ƙugu. Akwai jarka biyu na ruwan da Malam ya ajiye ya kwana, Allah Ya sa ba a yi wanke-wanke da su ba. Na juye a babban baho, na sa hannu cikin kumfar ina lalube. Duk wanda na ji ya motsa sai in ɗauraye shi in jefa a baho. Cikin talatin da biyu, bakwai na samu da rai.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne wannan. Inna Indo ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Mai ƙafa ma takaba tana yi mata tsawo, balle wadda duniyarta duka ɗaki biyu ce. Nan da kwana bakwai duk waɗannan baƙin da aka wanke gida dominsu za su watse, kowa ya koma harkarsa. Ita za a bari da bango, wanda mijinta ya sha wahala ya juyo da fuskarta daga gare shi.

Hayaniyar ta kai kunnen Inna. Sai ga wata mata ta leƙo ta ce Inna na bubbuga hannun kekenta, ta ƙi a taɓa ta, ɗakin take nunawa. Na goge hannu na je na turo ta.

Ta daɗe tana kallon durom ɗin. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauki tsakuwa ɗaya, ta shinshina, ta ajiye. Ta dubi bahon, na ga leɓenta yana ƙirga. Masu neman wayoyinsu suka tsaya a bakin ƙofa.

Gwaggo Hajara ta sunkuya ta ce, "Indo, ki yi haƙuri, gyara muka yi. Za a kwashe a shimfiɗa maki kafet."

Inna ta ɗauki lokaci kafin maganar ta fito, kuma babu wanda ya yi gigin taya ta. Ta ce, "Ba a kwashewa." Ta huta. "A kawo katifata. Nan zan yi takaba."

Gwaggo da hannunta ta kama gefe ɗaya na katifar, ni na kama ɗayan, ba mu kalli juna ba.

Yanzu na dawo gida in ɗebi rabin tsakuwata in mayar. Sai an ɗauraye tankin da durom ɗin har sabulun ya fita tas, kuma ban sani ba ko zai fita. Ban sani ba ko ruwan zai sake nuna a hannuna, don ni ɗaliba ce, mai abin ya tafi. Na dai gaya wa Inna gobe da safe zan zo da irin alayyahu, ita za ta zuba da kanta.

Masu zuwa gaisuwa, ga roƙona. Ku yi cajin wayarku a gida. In kun shiga gidan da aka yi rashi kuka ga abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku gyara.

Allah Ka jiƙan Malam Sada, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Allah Ka ba Inna Indo ƙarfin ɗaukar waɗannan watanni. Ni ma Ka yafe mani abin da bakina ya faɗa yau, Ka sanyaya mani zuciya, don har yanzu tafasa take.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi wa Malam addu'a, kar ya danna hoto kawai ya wuce. Ku haɗa da Inna. Kuma ba na jin kunyar roƙon wannan: kifi bakwai ne a bahon, biyu sun kwanta a gefe ɗaya suna numfashi da ƙyar, ita kuma tana zaune a kansu ta ƙi cin abinci sai ta ga sun tashi. Ku sa su a ciki.